Tarihin Lalle: Itaciyar Da Muka Riƙe Sunanta Muka Manta Kamanninta



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mahaliccin tsirrai da launukansu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan uwa mai karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu wani al'amari ne da ya faru a ajin matan aure, makon da muka koma karatu bayan ƙaramar Sallah. Muna cikin babin alwala na Risalar Ibn Abi Zaidin, sai wata ɗaliba ta ce: "Malam, ko ya halatta in yi taimama? Ruwa na yi mini zafi a hannu." Da ta fito da hannayenta daga cikin hijabi, sai ga bororo ya bi zanen fulawar da aka yi mata layi-layi, kamar an zana da wuta. Na tambaye ta me ta shafa, ta ce lalle ne kawai. Bayan na ba ta amsar mas'alarta, na kuma ce ta je asibiti, sai na tambayi ajin baki ɗaya ko su wa suka taɓa ganin bishiyar lalle da idonsu. Waɗanda suka ɗaga hannu ba su kai biyar ba, kuma dukansu dattawa ne.

Wannan ya tsaya mini a rai, domin ni na tashi na tarar da lalle a gidan kakata, Allah ya jiƙanta, a bayan ɗaki kusa da makwararar ruwa, kuma har yau in na ji ƙamshin furensa sai in tuna da ita. Don haka na ga ya dace in tattara abin da ya sawwaƙa na tarihin wannan itaciya.

Siffar Itaciyar

Lalle ƙaramar bishiya ce mai yawan rassa, wadda tsayinta kan kama daga mita 2 zuwa 6 in an bar ta ba a sare ba. Ganyenta ƙanana ne masu ɗan tsini, suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, kuma ba su cika wuce santimita 5 ba. Furenta ƙanana ne ƙwarai, farare ko masu ɗan ja-ja, suna taruwa cunkus a kan reshe, kowane da kunnuwa huɗu. Larabawa suna kiran wannan fure fagiya, mutanen Masar kuma suna ce masa tamar hinna, kuma tun zamanin da ake yin turare da shi. In furen ya kaɗe sai ta fitar da 'ya'ya zagayayyu kamar girman masoro, kowane ɗauke da iri fiye da 30 a cikinsa.

Masana ilmin tsirrai sun sanya lalle a dangi guda da rumman, ɗan itacen da Allah ya ambata sau uku a Alƙur'ani mai girma, biyu a Suratul An'am, ɗaya a Suratur Rahman. Sunan da suka san shi da shi, wato Lawsonia inermis, wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ne ya raɗa shi a shekarar 1753, don tunawa da abokinsa Isaac Lawson, likita ɗan Sikotlan wanda ya taimaka masa da kuɗin buga littafinsa. Kalmar inermis tana nufin maras ƙaya. A nan akwai abin lura: Linnaeus ya ɗauka lalle iri biyu ne, mai ƙaya da maras ƙaya, har ya ba kowane sunansa. Daga baya aka gane itaciya ɗaya ce, tana ƙarama ba ta da ƙaya, in ta tsufa sai bakin rassanta su bushe su yi tsini. Abin da kowace tsohuwa mai lalle a gida ta sani ya ɓace wa babban masani, saboda ita tare suka tsufa da itaciyar.

Wani abin mamaki shi ne ɗanyen ganyen lalle kore ne shar, in ka shafa shi a hannu ba ya rina komai. Sai an daka shi, an kwaɓa da ruwa ko da ɗan lemon tsami, sa'an nan sinadarin da ke cikinsa, wanda masana ke kira lawson, yake fitowa. Wannan sinadari yana shiga saman fata ya kama keratin, abin da aka gina farce da gashi da bayan fata da shi. Shi ya sa lalle ya fi kamawa a tafin hannu da tafin ƙafa inda fata ta fi kauri. Shi ya sa kuma yake farawa da ruwan goro, ya nuna ya yi duhu cikin kwana biyu, ya goge cikin mako biyu zuwa uku yayin da fata ke sabuntuwa, amma na farce sai farcen ya tsiro an yanke. Komai daɗewar ƙunshi, lalle tsantsa ja yake bayarwa ko ja mai duhu. Ba ya yin baƙi wuluk. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo gare shi.

Lalle ɗan zafi ne. Ya fi ba da rini mai kyau inda zafin rana ke kaiwa digiri 35 zuwa 45, yana jure fari da ƙasa maras ƙarfi, amma in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 sai ya mutu. Wannan ɗabi'a ita ta shata masa iyaka a bayan ƙasa tun kafin mutane su fara yawo da shi. Masana suna ganin mazauninsa na asali ya faro daga arewa maso gabashin Afirka, ya ratsa Jazirar Larabawa, har zuwa Sindu da Indiya.

Kafin Zuwan Musulunci

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka Musulunci ne ya zo da lalle. Alal haƙiƙa ya riga aiko Manzon Allah (SAW) da ƙarnoni masu yawa. A Masar an sami busassun gawarwakin zamanin Fir'aunoni da alamar lalle a gashi da farce. Lokacin da aka kai gawar sarki Ramsis na Biyu birnin Paris a shekarar 1976 don a yi mata magani, bincike ya nuna an rina gashinsa da lalle, alhali wannan sarki ya mutu wajen shekara 1213 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Littattafan Bani Isra'ila ma sun ambaci furensa a gonakin Ain Jidi, kusa da Tekun Gishiri.

A ƙarni na farko bayan Annabi Isa (AS), wani likitan Girka da Larabawa ke kira Diskuridus ya siffanta lalle a littafinsa na magunguna, ya kuma nuna wanda ya fi kyau shi ne na Askalan a Falasɗinu da na Kanub a gaɓar Masar. An fassara wannan littafi zuwa Larabci a Bagadaza a zamanin Halifa Mutawakkil, wanda ya yi mulki daga 847 zuwa 861, Hunain bin Ishaƙ ya gyara fassarar, daga nan likitocin Musulmi suka ɗora a kansa.

A Zamanin Manzon Allah (SAW)

To me Musulunci ya yi wa lalle? Ya same shi al'ada ce, bai kore shi ba, ya tabbatar da shi, ya kuma sa masa iyaka. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, an kawo Abu Ƙuhafa mahaifin Sayyidina Abubakar (RA), kansa da gemunsa fari fat, sai Annabi (SAW) ya yi umurni a canza furfurar amma a nisanci baƙi. Ma'abota Sunan sun ruwaito daga Abu Zarrin (RA) abin da ke nuna lalle da katam su ne mafi kyawun abin rina furfura. Katam wani tsiro ne na ƙasar Yaman, kuma Ibn Hajar ya bayyana a Fathul Bari cewa rininsa baƙi ne mai karkata zuwa ja, in aka haɗa shi da lalle sai a sami launi tsakanin baƙi da ja. Anas (RA) ya ba da labarin Sayyidina Abubakar yana haɗa biyun, Sayyidina Umar (RA) kuwa lalle zalla yake sawa.

Bangaren magani ma haka. Tirmizi da Ibn Majah sun kawo ruwayar Salma, mai yi wa Annabi (SAW) hidima, cewa akan sa lalle a kan rauni ko miki idan ya same shi. Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a shekarar 751 bayan Hijira, ya yi bayanin lalle da furensa a sashen likitanci na Zadul Ma'ad. Malaman fiƙihu kuma sun yi wa mata sauƙi da wata ƙa'ida mai kyau: abin da ke hana alwala shi ne wanda yake da jiki, yake tare ruwa, kamar jan farce. Lalle kuwa, in an kankare kwaɓin an wanke, launi ne kawai ya rage, ruwa na isa fata.

Wannan matsayi shi ya ba lalle ƙafafu. Duk inda Musulmi suka sauka, in ƙasar mai zafi ce sai su shuka shi, in mai sanyi ce sai su saye shi daga fatake. Sunansa na Larabci, hinna, ya zama kina a bakin Turkawa, hina a Sawahili, inai a Malesiya da Indunisiya. Wasu garuruwa kuma suka yi suna da nomansa, irin su Ƙabis a Tunisiya, da Damar a Sudan, da Gail Ba Wazir a Hadaramaut, da Faw a kudancin Iraƙi. A Indiya, inda ake ce masa mehndi kuma Musulmi da Hindu duk suke amfani da shi, garin Sojat na jihar Rajastan ne cibiyar nomansa, har hukumar ƙasar ta yi wa sunan lallen Sojat rajista ta musamman a 2021.

Yadda Ya Ƙetaro Sahara

Daga cikin tsofaffin shaidun lalle a yammacin Afirka akwai abin da Abu Ubaid al-Bakri, malamin Andalus, ya rubuta a shekarar 1068 a littafinsa Almasalik wal Mamalik. Shi kansa bai zo ƙasashen nan ba, ya dogara ne da rubutun magabata da labaran fatake. Da yake siffanta Audagust, birnin kasuwanci da kangonsa ke kudancin Muritaniya a yau, ya ambaci dabino da ɓaure da inabi kaɗan, ya kuma ambaci gonakin lalle masu yawan amfani. Ashe kusan shekara dubu da suka wuce ana noman lalle a bakin Sahara ta kudu.

Harshenmu ma shaida ne. Kalmar lalle ba ta yi kama da hinna ba, kuma masana harshe suna danganta ta da anella ta Abzinawa. Barebari suna cewa nalle, Fulani nalli, Yarabawa kuma laali. Ka ga sawun kalmar ya nuna hanyar da ayari ya bi, daga hamada zuwa ƙasar Hausa da Barno, daga nan zuwa kudu. Da ya iso kuwa sai ya zauna daram, har ya ba wani mataki na aure sunansa. In an ce an sa amarya a lalle, kowa ya san biki ya kankama. Iyayenmu sun san ƙunshi da ganye da tsumma, sun san zunguru da ake zura hannu a ciki a kwana. Kusan kowane babban gida yana da bishiyarsa, domin reshe kawai ake yanka a dasa da damina.

Ranar Da Aka Haramta Lalle

Yanzu mu koma Andalus, ƙasar da Bakri ya yi rubutunsa, domin a can ne lalle ya gamu da jarrabawar da ta fi kowace. A ƙarni na 12 Ibn al-Awwam, manomin Ishbiliya, ya bayyana yadda ake nomansa a Kitabul Filaha, tare da auduga da za'afaran. Har yau kalmar lalle a harshen Sifaniyanci daga Larabci aka are ta.

Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a can, ta faɗi a 1492, kuma cikin shekara goma aka tilasta wa mutanenta shiga Kiristanci. A 1526 wani taro da sarki Sharl na Biyar ya kira a birnin ya yanke hana su harshen Larabci da tufafinsu da sa lalle, amma suka biya kuɗi masu yawa aka jingine dokar shekara 40. Da wa'adin ya cika, ɗansa Filib na Biyu ya sabunta ta, aka yi shelarta ranar 1 ga Janairu 1567. Daga ranar, jan tafin hannun mace ya zama abin tuhuma a gaban hukuma.

Wani dattijo daga cikin manyansu, Faransisko Nunez Mulai, ya rubuta wa shugaban kotun Garnaɗa doguwar takardar koke. Hujjarsa ita ce tufafi da gidajen wanka da lalle al'adun ƙasa ne da tsabta, ba ibadar wani addini ba. Wanda ya karanci fiƙihu zai ga akwai ƙamshin gaskiya a maganar, tun da lalle ya girmi Musulunci. Amma masu mulki sun hango abin da ke bayan al'adar. Sun san uwar da ke ƙunsa wa 'yarta lalle daren biki tana miƙa mata wani abu da ya wuce ado, wato sanin ko ita 'yar su wa ce. Ba a saurari koken ba. A ƙarshen 1568 tawaye ya ɓarke a duwatsun Albusharat, aka murƙushe shi a 1571, aka warwatsa mutanen Garnaɗa kimanin 80,000 cikin sauran lardunan ƙasar. Tsakanin 1609 da 1614 kuma aka kori jikokin Musulmi kusan 300,000 daga Sifen baki ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Halin Da Muke Ciki

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya al'adun lalle cikin jerin kayan gadon ɗan Adam, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16, ciki har da Sudan da Masar da Muritaniya. Duniya na girmama shi ke nan. Mu kuwa babu sarkin da ya hana mu, da hannunmu muke musanya shi.

Abin da ya ƙona hannun ɗalibata shi ne abin da ake kira baƙin lalle ko dayis. Mun riga mun ga cewa itaciyar lalle ba ta ba da baƙi. Abin da ke sa wannan baƙi cikin 'yan mintoci, galibi, wani sinadari ne na rinin gashi da ake kira PPD, wani lokaci a gauraya shi da garin lalle, wani lokaci babu ko ƙwayar lalle a ciki. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a shafa shi a fata ba. Yakan jawo ƙaiƙayi da bororo da tabo, kuma jikin da ya taɓa ƙinsa yakan ci gaba da ƙinsa har ƙarshen rayuwa, ta yadda ko rinin gashi mutum ya sa daga baya sai ya kumbura. In ya shiga jiki da yawa yakan kumbura maƙogwaro ya toshe numfashi, ya lalata ƙoda. Likitoci a Khartum sun wallafa a 1992 cewa tsakanin 1984 da 1989 an kwantar da yara 31 saboda gubar wannan haɗi, 13 daga cikinsu suka rasu.

Adalci ya sa in faɗi abu biyu. Na farko, hadisin nisantar baƙi yana magana ne a kan rina furfura, kuma malamai sun saɓa a hukuncinsa, Malikawa suna ganin karhanci, Imam Nawawi yana ganin haramci. Saboda haka ba da shi nake kafa hujja a kan zanen hannu ba. Hujjata ita ce ƙa'idar shari'a ta kawar da cuta, da cewa jiki amana ne. Na biyu, lalle na gaskiya ma yana da wurin da ake kiyaye shi. Akwai wata larurar jini ta gado da likitoci ke kira ƙarancin G6PD, wadda take da yawa a ƙasashenmu, kuma lalle kan farfasa jajayen ƙwayoyin jinin jariri mai ita har shawara ta kama shi. Don haka kada a shafa wa jinjiri lalle, ko da na bayan ɗaki ne.

Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. An ɗauki sunan abin da sahabbai suka yi amfani da shi an liƙa wa wani abu daban, mu kuma muka karɓa saboda ba mu san na ainihin ba. Na tabbata masu yin zanen da yawa ba su san abin da ke cikin kwalbar ba, neman halaliyarsu suke yi. Maganin abin ilmi ne. Ke 'yar uwa, kafin ki miƙa hannu ki tambayi abin da aka kwaɓa, in kuma an ce zai kama baƙi nan take, to ki janye. Kai maigida, kuɗin ƙunshin da kake bayarwa ka san inda za su. Mu malamai kuma, in mun zo babin alwala mu riƙa bambance wa ɗalibai tsakanin lalle da mai kama da shi.

Ni dai na roƙi reshe uku daga wata dattijuwar ajinmu, na dasa su a bakin rijiyar makaranta. Biyu sun kama. Burina shi ne kafin yaran ajin farko su sauke, su ga furen da idonsu, su shaƙi ƙamshinsa, su daka ganyen da hannunsu. Hannun ɗalibar nan ya warke, alhamdu lillahi, sai dai tabon zanen yana nan.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararsa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sanar da mu abin da zai amfane mu. Wallahu a'alam.